Dutsen Taimamar Baba

A shekarun ƙarshen rayuwarsa Baba bai taɓa ruwan alwala ba, likita ya hana saboda ciwon ƙafa da sanyi. Da wani farin dutse yake taimama. A kasuwar shanu ya tsince shi tun yana fawa. Direbobin Tawa ne suka tokare tayar kamiyo, babbar motar kaya, da shi, suka manta. Yana da santsi, da zane-zane kamar bayan dodon koɗi.

Wata Juma'a mijin ƙanwata, wanda ke koyar da ilimin ƙasa a lise, wato sakandare, ya zo gaisuwa gidanmu na unguwar Guéma. Ya ɗauki dutsen, ya nemi lemun tsami, ya matsa a kai. Wurin ya yi kumfa. Cikin murna ya shaida wa Baba cewa dutsen farar ƙasa ne daga tuddan Adar na ƙasar Tawa, kuma zanen nan ba zane ba ne, ƙananan dabbobin teku ne da suka mutu suka taru, suka daskare tun kafin a yi mutane.

Baba ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Wa ya yanka su?"

Mutumin da ya yi shekara arba'in bai sayar da mushe ba, ga shi an ce shekara biyu yana shafa mushe a fuska kafin salla.

Muka kira yayansa a waya, malami ne a Djougou. Ya ce abin teku ba ya bukatar yanka, ya kwantar da hankalinsa. Baba ya karɓi wayar.

"Yaya, na je Tawa ya fi a ƙirga. Ruwan sha ma a bayan jaki ake kawo shi. Ina tekun?"

Yayan ya ce wataƙila ya janye. Baba ya ce shi ba zai tsaya gaban Ubangiji da tekun da ya janye ba. Ya sa aka fitar da dutsen, ya ɗauri niyyar rama sallolin shekara biyu, kowace salla ya bi ta da wata. Taimama kuwa ya koma yi da bangon simintin ɗakinsa.

Da surukin ya dawo ya ga haka, sai ya dubi bangon, ya buɗe baki. Na san abin da zai faɗa, don ya taɓa gaya mini da irin wannan dutsen ake yin siminti. Na taka masa ƙafa. Ya haɗiye maganar, ya tambayi jiki.

Baba ya rama wata bakwai. Ranar Talatar da ya kasa ɗaga hannu, ni na kama hannun na dafa masa a bango. Ya tambaye ni ko bangon da tsarki. Na ce da tsarki, Baba. Ya yi azahar ɗinsa biyu. La'asar ba ta same shi ba.