Ranar da Jinin Uwaliya Ya Ƙi Tsayawa

A Paki idan ka ce Mu'awiyya Wanzami, ba wanda zai tambaye ka wanne. Aska gadonsa ce kaka da kakanni, amma abin da ya yi suna da shi ƙaho ne. Manomi ya dawo daga huɗa bayansa ya riƙe, sai wurinsa. Masu dakon rake daga Makarfi ma takanas suke hawo mashin don ya zuƙe musu mataccen jini. Ga shi da baki, Allah Ya kyauta! Yana tsaga yana zuba, wai duk ƙasar Ikara ba wanda ya san jinin ɗan Adam kamarsa.

To, wannan mutumin ne Allah Ya ba 'ya mai ƙwaƙwalwa, Khairunnisa, wadda ta yi karatun kimiyya a Zariya har digiri na biyu. Bara da kaka ta zo ta durƙusa gabansa da magana: wata jami'a a ƙasar waje ta ba ta gurbin digirin digirgir, bincike kan sankarar jini. Ta yi masa bayani dalla-dalla, cewa ciwo ne da ke tasowa daga ɓargo, inda jiki ke haɗa jini. Ta ce akwai ƙwayar maganin da ke danne wani nau'insa, sai dai a jikin wasu takan daina aiki, kuma dalilin hakan take son ganowa. Mu'awiyya ya yi dariya har da buga cinya. Wai jini za a haye teku a koyo, alhali ga iliminsa nan cikin zabirar ubanta? Ya ce ba inda za ta. Ta koma Zariya jiki a sanyaye.

Ita kuwa uwarta Uwaliya, ranar daurewa kawai ta yi, ta ja mayafi ta rufe jikinta don kada hankalin 'yar ya tashi. Ta jima tana fama da kasala, tana ramewa, loma kaɗan ta ce ta ƙoshi, ga gefen cikinta na hagu ya kumbura ya yi tauri. Mu'awiyya ya lallatsa wurin ya ce saifa ce, aikin banza, nawa ya warkar. Ya kafa mata ƙaho. Ta ce ta ji sauƙi, ko dai gaskiya ko don ta faranta masa, Allah masani. Da kumburin ya ƙi sauka sai ya ƙara, ya kuma ƙarawa, yana nuna mata baƙin jinin yana cewa ga mugun abu nan yana fita.

Wata rana da hantsi ya cire ƙaho, jini ya ƙi tsayawa. Ya goge, jinin ya dawo. Ya barbaɗa garin maganin da ya gada, jinin ya wanke shi. Ya danna auduga har ta ƙare, zanen Uwaliya ya jiƙe sharkaf, leɓenta ya yi fari fat. Mutumin da ya tsufa da aska a hannu, sai ga dabara ta ƙare masa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, da kyar ya lalubo lambar Khairunnisa a waya.

Tana jin an ambaci saifa da rama, sai ta tambaya tun yaushe. Da ya faɗa mata, sai ya ji ta yi salati. Ta ce ya danne wurin da ƙarfi kada ya ɗaga, su nemi mota yanzu-yanzu.

A babban asibiti a Zariya aka tsayar da jinin, aka ƙara mata wani, aka yi gwaje-gwaje. Da sakamako ya fito, Khairunnisa ta roƙi likita ya bari ita ta gaya wa ubanta. Ta same shi a baranda ya haɗa kai da gwiwa.

"Baba, ciwon nan da na ce zan je in karanta, shi ne a jikin Inna."

Ya dube ta kamar ba Hausa ta yi ba. Ta ce ɓargon ne ke ta zubo ƙwayoyin jini marasa amfani, su suka cika saifar ta kumbura. Jinin kirkin da ya rage mata dama kaɗan ne. Ba ta ƙarasa ba, kuma ba ta buƙatar ƙarasawa. Shi da kansa ya san wanda ya yi ta zuƙe ɗan abin da ya rage, yana murna, yana nuna mata. Ya zame daga kan benci ya zauna a ƙasa, hularsa ta faɗi bai sani ba.

Allah Ya taimaka, nau'in da ke jin magani ne. Aka ɗora ta kan ƙwaya kullum, kumburin ya fara sacewa, ta soma cin tuwo. Ranar da za a sallame su Mu'awiyya ya juya kwalin maganin a hannunsa, ya tambayi 'yarsa ko wannan ce ƙwayar da ta ce takan daina aiki. Ta ce ita ce, amma ko ya bar ta yanzu ba za ta tafi ba, za ta zauna jinya. Nan fa tsohon ya tashi da faɗa, idonsa jawur.

"In ta daina aiki a jikin uwarki, wa zan kira? Ni? Tashi ki tafi ki nemo dalilin."

Ta tafi kafin damina. Shi kuma yana nan a rumfarsa yana aski, sai dai bakin nan ya mutu. Duk wanda ya zo da kumburin ciki, hanyar tasha yake nuna masa ya tafi asibiti.

Kwanan baya Uwaliya ta tashi da ciwon kafaɗa. Ta ɗauko zabirarsa da kanta ta ajiye a gabansa, ta juya masa baya ta sauke mayafi.

"Malam, ɗan sa min ƙaho mana. Ni dai hannunka na sani."

Ya tsaya yana kallon bayanta. Wato har yanzu ta yarda da shi. Ya kai hannu ya mayar mata da mayafin, ya fita zaure ya yi kuka.