Ambulan ɗin da Bahauddeen ya manna a cikin akwati

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Sha'aban 1446, daidai da 11 ga Fabrairu 2025, da hantsi, Malam Abdulmutalib, mahaifin Bahauddeen, ya kira ni daga Tudun Kaya. Ko gaisuwa bai iya ƙarasawa ba ya ce, "Malam Zubairu, ɗanka Bahauddeen ya riga mu gidan gaskiya." Kwana shida ka yi a kwance, Bahauddeen. Ni kuwa ina ta cewa sai Juma'a zan leƙo dubiya, Juma'ar da ba ka kai ba.

Shekara ashirin da takwas ina magatakardan dagaci a yankinmu na Ruwan Bago. Takardun gonaki da na rabon gado da shaidar dattawa kan burtali duk a hannuna suke, gara na ci, damina na jiƙawa. Na ɗauki hotunansu a waya, wayar ta faɗa rijiya. A shagonka na gyaran kwamfuta a Ƙaraye na kai kukana, ka ce abin da nake bukata shi ne saba, wato kwamfutar da za ta zauna a gida ba ta da aiki sai ajiya.

Na ɗauka za ka miƙo mini wata daga kan kanta in tafi. Mako biyu ka yi kana zaɓen madabod kaɗai, babban allon nan da kowane sashe na kwamfuta ke hawa kansa. Ka ce sai mai mazaunin faifan ajiya shida, don takardu ƙaruwa suke yi. Sai marar cin wuta, don da sola muke rayuwa. Sai kuma wanda ke karɓar irin memorin da ke gyara kuskure da kansa, domin in lamba ɗaya ta sauya a awon gona, zumunci ne zai lalace. Na ce maka ko auren fari ba a yi masa wannan bincike. Ka yi dariya, ka ci gaba da bincikenka.

Daga nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Ka rubuta mini lambar memorin da allon ke karɓa, na shiga Kano da takardar a aljihu. Mai shago ya nuna mini wani, ya ce sabon fitowa ne, ya fi sauri, wanda aka rubuta mini tsohon yayi ne. Na ji daɗin maganar, na saya. Da na dawo ban jira ka ba. Na ɗora shi a gurbi ya ƙi shiga, na danna da babban yatsa, na ƙara da ƙarfin manomi, sai na ji ƙas. Maƙallin gurbin ya karye.

Maimakon in ga laifina, kai na kira na balbale da faɗa. Na ce ka zaɓo mini allon da ya tsufa, na ce yaran yanzu sai iyayi. Ba ka katse ni ba. Washegari ka hau babur, cikin taɓon Agusta, tun daga Ƙaraye har ƙofar gidana. Ka durƙusa ka gaishe ni kamar ba ni ne na zage ka jiya ba. Ka duba ɓarnar ka ce, "Baba, gurbi huɗu ne, uku na nan lafiya. Laifina ne da na ba ka lamba ban nuna maka da ido ba." Sannan ka nuna mini ƴar tsagar da ke ƙasan memorin, ka ce kowane iri da inda tasa take, in ba ta yi daidai da haƙorin gurbi ba, to ba nasa ba ne, kada a tilasta. Kai ka koma Kano ka canzo. Na ba ka fura ka sha, na yi maka addu'ar hanya, amma kalmar "yi haƙuri" ta tsaya mini a maƙogwaro. Girman kai ne, ba wani abu ba.

Kwana tara bayan rasuwarka, ƴan'uwa biyu suka zo gaban dagaci kan iyakar gonar mahaifinsu, kowa ya kumbura. Takardar rabon ta asali gara ta gama da ita tuni, hotonta kawai ya rage, a cikin sabar. Na kunna, ta ƙi tashi, sai ƙara take yi. Wallahi sai da na ɗauko waya na nemo lambarka kafin na tuna.

Na kwance murfin akwatin sabar. A jikinsa daga ciki na ga ambulan manne da salatif, da rubutunka a bayansa: "Baba, in ta yi ƙara ta ƙi tashi kuma ba na kusa, kashe wuta, cire memorin, sa wannan. Irinsu ɗaya, na gwada shi. Dubi tsagar. A hankali." Ban san ranar da ka sa shi ba, ba ka taɓa faɗa mini ba.

Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'iza. Sannan na share ido, na dubi tsagar, na daidaita ta da haƙorin, na danna a hankali. Ya shiga. Na kunna, ta tashi. Kafin la'asar an karanta wa mutanen nan takardar mahaifinsu, suka yi musabaha suka tafi gida tare.

Bahauddeen, ka san halina, shi ya sa ka rubuta "a hankali". Ka yi haƙuri, ɗana. Na faɗa yanzu, a lokacin da ba za ka ji ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Abdulmutalib, da mai ɗakinka Nuriyya, da ƴarka Kausar, da dukan jama'ar Tudun Kaya. Allah Ya ba su haƙurin wannan rashi. Ya Allah Ka jiƙan Bahauddeen, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Yadda ya yi mini tanadi tun kafin in bukata, Allah Ka sa ya tarar da nasa tanadin yana jiran sa. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Zubairu Shitu, Ruwan Bago, Rogo.