Furar da Inna ta dama wa janar

Ni da janar nono ɗaya muka sha. Uwarsa ta rasu yana jariri, gidansu bango ɗaya da namu a tsohon garin Agadas, sai Inna, mahaifiyata, ta haɗa mu ta shayar. Ya shiga lekol karatun boko, ni na bi motocin Bilma. Ya shiga soja, ya yi daji, ya ɗauki harsashi a cinya, galo na bin galo a kafaɗarsa har ya zama janar a Yamai. Ba na yi masa hassada, ya sha wuyarsa. Abin da ya yi wa Inna ne har yau yake ci mini rai.

Shekarar da idonta ya rufe aka ce zai zo duba bariki. A wurinmu ɗa in ya dawo daga tafiya, furar uwarsa yake fara sha kafin ya sa komai a baki. Inna ta sa aka daka gero da cuku da dabino, ta dama da hannunta tana lalube. Burinta ke nan, ya sha tana raye. Na riƙe mata hannu har gidan da ya sauka.

Muka gasu a ƙofa kafin a shigar da mu. Janar ya fito, ya yi ƙiba, ya rusuna ya ce, "Inna, sannu da hanya." Ta shafa fuskarsa tana dariya, ta miƙa ƙwarya.

Sai wani kafitan mai tsaron lafiyarsa ya sa hannu ya tare.

"Hajiya, doka ce. Abin da ya fito daga waje, wanda ya kawo shi ke fara sha."

Na ce, "Kai, ka san ko wace ce wannan?"

Ko kallona bai yi ba. Na juya ga janar ina jiran ya daka masa tsawa. Mutumin da dubban sojoji ke rawar jiki in ya yi tari, wallahi ya sunkuyar da kai yana gyaran agogo. Kalma ɗaya ta isa, ya kasa furta ta. Tsoron guba, daga hannun makauniyar tsohuwa!

Inna ta gane sarai. Ta nemi ludayi ta sha. Kafitan ya ce ya isa, ta yi kamar ba ta ji ba. Tana tsaye ta shanye furar nan tas, tana zuba a haɓarta, ba wanda ya iya motsi.

Janar ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, aikin ne haka."

Ta goge baki da gefen mayafi, ta durƙusa masa har ƙasa, irin yadda talaka ke yi wa baƙon gwamnati.

"Ranka ya daɗe, Allah ya huta gajiya," in ji ta. Sannan ta laluba hannuna ta ce in kai ta gida.