Shekarar da Aka Sace Sunan Yaya

A shekarun da kuɗin fetur suka fara malala a ƙasarmu, ina London ina koyon aikin jinya a babban asibitin Camberwell. Flat nake haya a saman wani shagon wanki, ɗaki da ɗan kicin da ba ya ɗaukar mutum biyu. Yayana kuwa, wanda muke ciki ɗaya, yana Kano, harkar kwangilar hanyoyi ta buɗe masa. Mutumin da na sani yana tallan siminti a kan keke, sai ga shi da aiki a Yola da Sakkwato da Maiduguri a lokaci guda. Da zirga-zirgar mota ta ishe shi, wani ya ba shi shawara ya sayi ƙaramin jirgin sama.

Bai taɓa zuwa Ingila ba ya sayi jirgin. Wani dillali ne a Ikko ya haɗa shi da wani mazaunin London, mai jin Hausa kamar jakin Kano, wanda ya ce ya san harkar ciki da bai. Sau ɗaya suka haɗu, a wani otal a Ikko. Yaya ya ba shi hotunansa da bayanan fasfonsa, ya sa hannu duk inda aka nuna masa. Aka buɗe masa asusu a wani banki a nan, aka aika masa da katin bashi, abin da a lokacin ko Turawan ba kowa ke da shi ba. An shirya jirgin zai zauna a wani ƙaramin fili kudu da birni har a gama gyara da takardu, sannan a samo matuƙin da zai kai shi Kano. Duk sanda Yaya ya buga waya, sai mutumin ya ce saura ƙiris. Ni ban ma san da zancen ba, don Yaya ba ya tattauna harkarsa da ƙannensa.

Ana nan sai Inna, mahaifiyarmu, ta kwanta. Kumburi ne a ciki, likitocin gida suka ce a fita da ita. Na yi mata booking a wani asibitin kuɗi, Yaya ya kawo ta a farkon sanyi. Ranar da za a ba ta gado, muka tsaya gaban mai karɓar kuɗi, Inna na kan keken marasa lafiya a lulluɓe da bargona. Yaya ya miƙa katin. Matar ta duba wani ɗan littafi, ta ɗaga waya, ta daɗe tana magana ƙasa-ƙasa. Da ta ajiye sai ta ɗauko almakashi ta raba katin biyu a gabanmu.

Turancin Yaya na kasuwa ne, ni nake masa tafinta. Ya tambaye ni abin da ta ce, na gaya masa banki ne ya ce a riƙe katin, wai na sata ne. Dariya ya yi, ya ce kuskure ne, gobe za su ba shi haƙuri. Muka mayar da Inna ɗakina, muka hau da ita bene a kan kujera, ni da shi.

Washegari a banki aka zaunar da mu a wani ofis. Manajan ya ce mai wannan asusun ya zo da kansa tun bara, ya ce katinsa ya ɓata, an ba shi sabo. Da sabon ya sayi man jirgi, ya kwana a manyan otal, ya karɓi bashi ya jinginar da jirgin, har asusun ya ƙone. Ya ce ya san Alhajin, sun sha shayi tare a wannan ofis, kuma ba wannan da ke zaune ba ne. Kafin na gama fassarawa, 'yan sanda biyu sun shigo.

Ba su wulaƙanta shi ba. Sun dai ce akwai fasfo biyu da suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, kuma har sai an gane na gaske, nasa zai zauna a hannunsu. Ba zai bar ƙasar ba, kuma duk mako zai je ya nuna fuskarsa. A bakin titi ya tsaya yana lalube aljihunsa kamar wanda ya yar da wani abu, ya ce da ni, “To yanzu ni wane ne a garin nan?”

Yana da dukiya a Kano, amma fitar da kuɗi daga gida a wancan zamani sai da izinin hukuma, izinin kuma sai ya je da kansa. Mun yi ta buga waya, layi na yankewa. Mutumin nasa kuwa, lambarsa ta daina shiga. Inna tana kwance a gadona, ni da Yaya muna shimfiɗa a ƙasa. Ina dawowa daga aiki in gasa mata ciki da tawul, in dama mata kunun da ba ta iya shanyewa. Na san abin da kumburin yake, na kuma san kowane mako da ya wuce yana cin ta. Ban gaya wa kowa ba.

Yaya ya ce mu je ya ga jirgin, ko a sayar a yi wa Inna aiki. Muka hau jirgin ƙasa, muka hau bas, muka ƙarasa da ƙafa cikin taɓo. Filin ciyawa ne da rumfunan kwano. Can gefe aka nuna mana shi, fari da ratsin shuɗi, an cire injinansa an ɗaure gurbin da tamfol, tayoyin sun sace. Ganinsa na farko ke nan da shi. Ya zagaya shi a hankali, ya shafa fiffiken.

Mai kula da filin ya fito ransa a ɓace. Ya ce Alhajin da suka sani mutumin kirki ne, yana zuwa da babbar riga da fara'a, yana ba da hayar jirgin, kuma babu ma'aikacin da bai samu kyautarsa ta Kirsimeti ba. Alhajin ne ma ya sa aka cire injinan, wai za a kai gyara. Ya ce in ba mu fita ba zai kira 'yan sanda. Na tuna yadda makanikan suka daina aiki suna hararar Yaya, shi da ya biya kuɗin kyaututtukan nasu. Muna fita, ɗaya daga cikinsu ya biyo mu. Bai yarda da mu ba shi ma, amma ya ce in dai gaskiya muke nema, ya taɓa sauke Alhajin a wani gida a Dagenham, ya kwatanta mana.

Ran Asabar muka tafi. Unguwar ma'aikatan kamfanin motoci ce, gidaje iri ɗaya a jere. Na bar Yaya a bakin shinge na ƙwanƙwasa. Wata mata ta buɗe, 'yar Filato, Kirista, da kayan aikin kantin abinci a jikinta. Na gaishe ta da Hausa, na ce ni ƙanwar wane ce. Ban rufe baki ba ta rungume ni. Ta ce kullum yana ba ta labarin danginsa na Kano, ya tafi shirya zancen aurensu ne, ta yi ta jira ba ta ji daga gare shi ba. Tana jana ciki tana tambayar ko lafiyarsa ƙalau.

Na juya na kira Yaya. Na ce, “Yaya, ƙaraso. Baiwar Allah, wannan shi ne mai sunan.”

Ta dube shi, ta dube ni, ta zauna a kan matakala. Mun daɗe a falonta. Ita ma ya karɓi abin da ta tara, ya ce zai zuba mata a harkar jirgi. Yaya da ya zo da niyyar faɗa, shi ya koma yana ba ta haƙuri. Da za mu tafi ta shiga ɗaki ta fito da hoton da suka ɗauka a gaban jirgin, ta ce za ta bi mu wurin 'yan sanda ta faɗi abin da ta sani. Yaya ya kalli hoton ya ce shi ne, mutumin otal ɗin Ikko.

Na ɗauka shi ke nan, amma 'yan sanda suka ce sai sun rubuta gida an tabbatar, amsa kuma ba ta da rana. Inna ta daina cin komai. Wata Juma'a, wani likita ɗan Zariya da muke aiki tare ya miƙe bayan salla a ɗakin da 'yan Arewa ke taruwa, ya faɗi halin da muke ciki. Aka zagaya da hula. Ɗalibai ne yawancinsu, da ƙananan ma'aikata. Yaya ya dawo bai iya haɗa ido da ni ba, ya ce bai taɓa sanin kunya tana da nauyi haka ba. Na haɗa da sarƙata da awarwarona, aka yi wa Inna aiki.

Likitan da ya yi aikin ya kira ni gefe, ya ce sun buɗe sun rufe, abin ya riga ya yaɗu. Ban tambaye shi ko da an yi da wuri da an dace ba, don ban so in ji amsar.

Inna ta gane ba tare da an gaya mata ba. Izinin zamanta ya kusa ƙarewa, na ce zan je ofishin shige da fice na Croydon a ƙara mata, ta hana. Ta ce, “Ku kai ni ɗakina. Ba na son ƙasar nan ta rufe ni.”

Yaya ya koma wurin 'yan sanda ya roƙa a ba shi fasfonsa ko na mako ɗaya, ya ce zai rantse da Alƙur'ani zai dawo. Jami'in ya tausaya masa, amma ya ce ba shi da iko. Ni na ɗauki hutu na tafi da ita. A filin jirgi Yaya ya durƙusa gaban kekenta ya kama ƙafafunta, ta dafa kansa ta ce ta yafe masa duniya da lahira, ya daina kuka gaban mutane.

Ta rasu a Kano bayan 'yan makonni, a ɗakinta, ƙannenta na kewaye da ita. Mai shagon wankin ƙasan flat ɗina ne ya amsa wayar, ya hau ya kira Yaya. Shi kaɗai ya yi zaman makoki a ɗakin nan. Daga baya na ji matar Dagenham ta dafa shinkafa ta hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta kawo masa, ta zauna a bakin ƙofa har ya ci.

Sai da sanyi ya wuce amsa ta zo daga gida. Aka mayar masa da fasfonsa, banki ya janye ƙararsa, aka ba shi haƙuri a takarda. Mutumin ba a kama shi ba. Wasu sun ce an gan shi a wata ƙasa, ba mu tabbatar ba, ko sunansa na gaskiya ba mu sani ba. Gawar jirgin kuwa, masu bashi suka sayar wa masu kayan gyara, Yaya bai je ba.

Na dawo London na tarar da shi ya rame, ya koyi dafa shayi da wanke kwanuka, ya san duk bas ɗin da ke bi ta Camberwell. Na raka shi filin jirgi. Ƙaninmu ya ba ni labari daga baya cewa da ya sauka a Kano bai yarda an kai shi gida ba. Ya sa direba ya wuce da shi maƙabarta da jakarsa a hannu, ya nemi mai gadi ya nuna masa inda aka sa Inna.