Attahiru a Kan Giginyar Sodangi

A Ƙofar Rini, zamanin da Turawa ba su daɗe da zama Sakkwato ba, in soro ya tsage ko reshe ya danne katanga, Attahiru ake kira. Ba wai ya fi kowa iya hawa ba ne. Magidanta sun yarda da idonsa: in yana sama, ba ya duban cikin gidan kowa. Da wannan yardar yake ciyar da iyalinsa.

Sai Lawali akawu ya gaji akwatin magana daga wani Bature da ya koma gida, wai da shi ake jin mutanen nesa, har a mayar musu. Amma sai an kewaya wayar tagulla a sama, kusurwa huɗu, bakinta biyu su sauko cikin akwatin. Kusurwa uku suka samu dogayen sanduna. Ta huɗu sai giginyar da ke leƙa gidan Malam Sodangi, mutumin da ko murmushi sai ya auna.

Sodangi ya yarda, amma da sharaɗi. "Mata su shiga ɗaka. Kai kau Attahiru, idonka bisa wayakka."

Aiki ya ƙi ƙarewa. Lawali na ɗaki da abin saurare a kunne, yana leƙowa ta taga: a rage kamu guda, a ja, a'a, an rage da yawa, a ƙara. Can bisa giginya, gumi ya cika wa Attahiru ido. Ya sunkuya ya goge fuska a kafaɗa, shi ke nan ya gani. 'Yar Sodangi mai rarrafe, wadda aka manta garin sauri, ta nufi rijiya, rijiyar kuwa a buɗe.

In ya yi magana, unguwa duk ta san ya duba. Ya dakata ko wata za ta fito. Ina, ai saboda shi suka rufe kansu. Yarinyar ta dafa bakin rijiya.

"Ku ɗauke ɗiya! Rijiya!"

Uwar ta fito a guje, ko kallabi babu, ta fizgo ta. Daidai lokacin Lawali ya leƙo yana washe baki, wai magana ta fito.

Da Attahiru ya sauko, Sodangi ya kama hannunsa, ya yi ta godiya. Sannan, a gaban maƙwabtan da suka taru, ya ce a hankali, "Ashe dai kana diba."

Kafin damina ta wuce, dakon gero Attahiru yake yi a kasuwa.