Mama da jiƙaƙƙen Littafinta

Na tarar da Mama zaune a kan turmi, tana buɗe shafukan Littafi Mai Tsarki a hankali don su sha rana. Kwana ɗaya ke nan da ambaliya ta rushe mana ɗakuna biyu a Tudun Wada, ta lalata keken ɗinkin da nake ci da shi. Amma wai Mama waƙar coci take rerawa ƙasa-ƙasa!

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Mama, waƙar me kuma? Me ya rage mana?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Rahila, kafin ruwan nan mu nawa ne a gidan?"

"Mu bakwai."

"Yau fa?"

"Bakwai."

"To, Yesun da ya tsawata wa teku yana cikin jirginmu. Zo ki kama mini nan, kada ya yage."

Na durƙusa na kama mata shafin, hawaye na zubo mini. Muna nan sai ga maƙwabciyarmu Hajiya Inno, matar mahauci, da kwanon tuwo. Ta ce, "Maman Rahila, ku taho gidanmu, ɗaki shina nan babu kowa ciki."

A can muka yi wata guda. Har yau ban sayi wani keken ba, amma na daina cewa ba abin da ya rage mana.

Ku fa, wa ya ƙarfafa muku zuciya ranar da kuka karaya? Ina son ji.