Sarewar da ke Daɓen Coci

An haifi Cumbi a Wankarai, wani ƙauye da ke maƙale a kafaɗar dutse cikin tsaunukan Andes, inda gajimare kan kwana a ƙasan gidaje. Tana da shekara tara umarnin Turawan Sifaniya ya iso, cewa duk ƙauyukan tudu su sauko, a haɗa su wuri guda cikin kwari, inda limamin coci zai ga kowa da idonsa ran Lahadi. Aka yaye rufin gidajen Wankarai don kada wani ya yi marmarin komawa. Sabon garin yana da tituna miƙaƙƙu kamar zaren saƙa, da dandali, da coci, da sunan wani waliyyi wanda harshen tsofaffi ya kasa furtawa. Har suka ƙare, Gangare suke ce masa.

Abin da ya fi zauna wa Cumbi a rai daga ranar ƙaurar shi ne yadda kakarta ta ja ta da hannu, suka ratse zuwa kogon da ke bayan ƙauye, inda magabata suke. Suna nan zaune a jere, gwiwa a ƙirji, kowa naɗe da mayafinsa, iskar tudu ta busar da su ƙayau. Tsohuwar ta ajiye musu gasasshiyar masara da ganyen koka da mutanen tudu ke taunawa, ta shaida musu cewa an tilasta wa 'ya'yansu sauka, amma za a riƙa zuwa gaishe su da shuka da kaka. Sa'an nan ta dubi yarinyar.

"Kin gani, jikata? Nan ake hutawa. Mutum ya zauna cikin danginsa, iska tana shiga tana fita. A can ƙasa kuwa, miƙar da mutum suke yi, su jibga masa ƙasa a ƙirji. Wa zai huta da wannan kaya?"

A Gangare aka yi wa Cumbi baftisma, aka ba ta sunan da babu mai kiranta da shi sai limami. Ta tashi masaƙiya. Duk mayafin da ya fito daga hannunta yana da jan baki da jerin ƙananan kwaɗi masu launin rawaya, har yaran gari sukan gane aikinta daga nesa. Ta auri Rimaci, manomin dankali mai yawan dariya, wanda ba ya rabuwa da sarewarsa ta kara. Suka haifi 'ya'ya huɗu. Agana ta kwashe uku cikin wata guda, ƙyanda ta ɗauki autar bayan shekara biyu. Duka aka binne su a ƙarƙashin daɓen coci, kamar yadda dokar Turawa ta ce, kuma a wancan zamani limamin ba ya barin gari ko na yini. Tun daga nan Cumbi ba ta ƙara taka ɓangaren hagu na daɓen ba.

Sau uku layin aikin tilas yana zagayowa kan Rimaci, ana tura shi ramin haƙar zaiba da ke can kudu. A karo na uku ya dawo hannuwansa suna rawa, haƙoransa suna girgiza, numfashinsa kamar na zuga-zugin da ya huje. Bai sake busa sarewa ba. Cumbi takan fito da shi bakin ƙofa ya sha rana, ita kuma ta ɗaura igiyar saƙarta a ƙugu ta zauna kusa da shi.

Wata hantsi ya kira ta. "Cumbi."

"Na'am, maigida."

"Na zauna ƙarƙashin ƙasa sau uku da raina. Ya ishe ni."

"To wa ya ce za ka koma? Ko makaho ne mai zaɓen ma'aikata, ya shafa waɗannan ƙasusuwa ya wuce gaba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "Ba ramin zaiba nake nufi ba."

Ta dakatar da saƙar. Ta dubi hasumiyar coci, ta dubi dutsen Wankarai da ke bayanta. "Na ji," in ji ta. "Za ka zauna."

Ya rasu ana tsakiyar tonon dankali. Limamin wannan lokaci yana da garuruwa huɗu a wuyansa, amma aka yi rashin sa'a yana gari. Ya yi addu'arsa, aka miƙar da Rimaci a rami kusa da ƙofar coci, aka daddaɓe. Washegari limamin ya hau alfadarinsa ya nufi gari na gaba.

Makullin coci yana wuyan Paukar, ƙanin Rimaci, wanda shi ne kuma mai kaɗa ƙararrawa. Tun Cumbi tana amarya suke wasa da juna. Ta same shi yana ɗaurin igiyar lama, dabbar dakon tudu mai kama da ƙaramin raƙumi.

"Ƙanin miji, ara mini makulli."

"Matar yaya, kwana uku kacal har kin fara biyo ni gida? Bari hawaye su bushe mana."

"Ko maza sun ƙare, gara in auri wannan lamar. Ita ko ba komai tana ɗaukar kaya. Makulli."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa, don ya gane. "Kin san abin da ake yi wa wanda aka kama. Bulala a dandali, da aski."

"Nishi yake yi, Paukar. Jiya na tsaya a kansa, na ji shi ta tafin ƙafata."

Ya daɗe yana murza igiyar. "Makullin nan ba ya fita daga wuyana," in ji shi. "Sai dai wuyan ya bi ki."

Da rana tsaka suka yi aikin, lokacin da gari duk ya watse gonaki. Suka tone shi, suka cika ramin da duwatsu, suka mai da ƙasa suka yayyafa ruwa. Paukar ya goya ɗan'uwansa cikin babban mayafi kamar ƙunshin dankali. Duk gonar da suka gifta, masu tono sai su sunkuyar da kai, su ƙara ƙaimi. A cikin kogo suka naɗe masa gwiwa, suka zaunar da shi tsakanin mahaifinsa da kawunsa, fuskarsa tana kallon ƙofa. Cumbi ta kakkaɓe masa ƙasar da ke gashinsa tas, ta ce, "To, ja numfashi."

Mutanen Gangare suna da ƙa'ida game da kogon, wadda ta rufa musu asiri shekara arba'in. Sau biyu ake zuwa a shekara, ɗaya-ɗaya ko bibbiyu, kowa ta hanya dabam, kuma a kan fa ake takawa, ba a kan ciyawa ba. Cumbi ta san wannan sarai. Amma gidanta ya yi mata faɗi. Bayan mako guda ta hau, don ta ga ko ya karkace. Ta sake hawa ta kai masa sabon mayafin da ta saƙa, mai jan baki da kwaɗi. Daga baya ba ta ma neman dalili: ƙanƙara ta bugi masara, 'yar maƙwabciya ta haihu, sai ta tafi ta gaya masa. Da yake gwiwoyinta sun fara ciwo, hanyar fa ta yi mata wuya, sai ta riƙa yankewa ta cikin ciyawa, kullum ta wuri ɗaya.

Paukar ya tare ta wata rana a bakin rafi. "Matar yaya, jiya na hau kaɗa ƙararrawa, na ɗaga kai sai ga layi a jikin dutse, fes kamar tsagar kitso. Ko alfadarin limami zai bi shi har ƙofar kogo."

"Ciyawa za ta rufe da damina."

"Yaya za ta rufe kina taka ta kowane mako? Ba shi kaɗai ne a ciki ba, Cumbi. Uwata tana ciki. Kakarki ma, da aka sace aka kai, tana ciki."

Ta yi alkawari za ta daina, ta kuwa daina har wata guda. Sa'an nan ta yi mafarkin mayafin ya zame daga kafaɗarsa, da gari ya waye ta hau.

A shekara ta biyu wani babban limami ya zo daga birnin bakin teku, da tafinta da dogarai. Aikinsa shi ne bin garuruwan tudu yana tono kogunan magabata. Kwana uku yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa an manta da waɗannan abubuwa tun zamanin kakanni. A rana ta huɗu da safe ya fito ƙofar coci, ya miƙe gaɓoɓinsa, ya ɗaga kai. Rana tana haska dutsen Wankarai daga gefe.

Kafin azahar an sauko da magabata duka, an jera su a dandali kusa da tulin itace. Mayafansu sun koɗe, sun zama launin ƙasa, sai guda ɗaya da jan bakinsa yake walƙiya. Babban limamin ya tsaya a kansa, ya yi magana, tafinta ya juya wa jama'a.

"Taita, wato babban limami, ya ce waɗannan tsofaffin sun mutu ba baftisma. Za a ƙone su, a zuba tokar a kogi. Amma wannan sabo ne. In Kirista ne, na coci ne, za a mai da shi ƙasa inda aka sato shi, wanda ya sato shi kuma ya karɓi hukunci. In babu mai shi, wuta."

Babu wanda ya kalli Cumbi, ko da yake kowa ya san kwaɗin. Ita kuwa ta tsaya tana auna abu biyu. Ƙasa ita ce abin da ya roƙe ta kada ta bari. Amma wanda ya zama toka ya bi ruwa ba shi da wurin zama, ba shi da bakin da za a ba abinci, ba shi da kunnen da za a gaya wa labari.

Paukar ya matso ya yi mata raɗa. "Yi shiru. Wutar ba za ta daɗe ba. Ya fi masa."

"In ya bi kogi, wa zan tarar?" in ji ta, ta fita tsakiyar fili.

"Nawa ne, Taita. Sunansa Rimaci. Ni na saƙa mayafin, ni na tone shi, ni na kai shi."

"Ke kaɗai, tsohuwa?"

"Ba shi da nauyi. Ramin zaiba ya riga ya cinye nauyin."

Tafinta ya juya wannan. Aka tambaye ta yadda ta sami makulli.

"Mai makullin mashayi ne, Taita, tambayi kowa. In ya sha giyar masara, ko wandonsa ka cire ba zai sani ba."

Wata mata ta yi wani sauti, ba a san ko dariya ba ce ko kuka. Paukar ya buɗe baki, Cumbi ta zuba masa ido har ya rufe. Shi Paukar, makulli kawai ya rasa.

Aka yi mata bulala hamsin, aka datse mata kitso, aka tsayar da ita ta kalli wutar. Magabata sun bushe sosai, ba su ɗauki lokaci ba. Ta ga mayafin kakarta ya kama. Rimaci kuwa, da ƙarfi aka miƙe masa ƙafafu, aka haƙa ramin ya fi na da zurfi, aka ɗora falalen dutse a kai.

Mutanen Gangare ba su zage ta ba. Sun dai daina kawo mata ulu, kuma in ta zo rafi sai hira ta yanke. Ba ta taɓa ganin laifinsu ba.

Da bayanta ya warke, sai ta roƙi limamin gari ya bar ta ta riƙa sharar coci, shi kuwa ya yi murna da tubarta. Tsakanin falalen da bango akwai 'yar tsaga. Da tsinken saƙarta ta riƙa sassaƙar wurin kaɗan-kaɗan, har ya karɓi sarewar Rimaci. Ta cusa ta a tsaye don ya sami iska, bakinta daidai da daɓe, ta yadda sai wanda ya sani zai gani. Kowace safiya takan durƙusa a nan, ta zare ƙurar da ta shiga, ta sunkuya ta hura. Limamin yakan nuna ta ga baƙi, ya ce su dubi yadda take sumbatar ƙasa mai tsarki.

Paukar ne kaɗai ta nuna wa. Ya auna tsawon sarewar a ransa, ya auna zurfin ramin.

"Matar yaya, ba ta kai ba. Ko rabi ba ta kai ba."

"Na sani," in ji ta. "Kana da wadda ta fi ta tsawo?"

Ba shi da ita.

Shekara goma sha ɗaya tana wannan shara. Gashinta ya sake tsirowa fari fat, bai kuma yi tsawon kitso ba. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, Paukar ya zo da sandarsa ya zauna a bakin ƙofa, ya ce mata har yanzu tayin aurensa yana nan in ta sake shawara.

"Lamar ta mutu ne?" in ji ta. Sa'an nan ta ce, "Kada ka bari sarewar ta toshe."

"Ke fa? Me zan yi miki?"

"Ni ba na bin kowa bashin hutu. Ni na zana wa Turawa hanyar kogo."

Aka binne ta a ɓangaren hagu, kusa da 'ya'yanta, inda ta ƙi takawa da ranta. Paukar ya gaji tsintsiyar. Gwiwoyinsa ba sa lanƙwasuwa da sauƙi, kuma numfashinsa ya yi gajarta, amma yakan durƙusa ya hura, ya dafa bango ya tashi. Ya yi haka damina huɗu. A shekarar da ya rasu aka kawo magina daga birni, suka sake daɓe cocin daga ƙofa har bagade, ba su bar ko tsaga ba.